Surukina da Ƙwayoyin Lidonsa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a mayar da mu, kowa da ranarsa. A daminar bana ranar Baba ta zo, mahaifin maigidana, a nan gidan hayarmu na Masaka.

Yayar maigidana, wadda muke kira Gwaggo, ta iso daga Zariya an riga an kai shi. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakinsa, ta ɗauko allon lidonsa daga jikin bango, ta cusa shi bayan durom ɗin ruwa. Ta ce malamai za su shigo addu'a, bai dace su tarar da kayan caca a ɗakin mamaci ba. Ban hana ta ba. Ubanta ne, ni kuwa suruka ce, ko shekara nawa na yi ina dama masa kunu.

Mutanen garinmu sun cika mota guda sun zo. Sun faɗi alherinsa: kafinta ne da ya zo Abuja tun ana sare daji, ya yi rufin gidaje da yawa waɗanda bai taɓa kwana a cikinsu ba, sallar jam'i ba ta wuce shi. Sai dai kowa in ya kai ƙarshe yakan rage murya ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa wasan nan da ya kama da tsufa. Abokan maigidana, 'yan kasuwar kifi ta Kado, ba su san shi sosai ba. Suka yi addu'a, suka sha ruwan leda, suka tashi da wuri kada cunkoson hanya ya rutsa da su. Wadda ta yi kuka har ta sa ni jin nauyi maƙwabciyata ce, 'yar Gbagyi daga Karshi mai sayar da doya, mai zuwa coci. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa tana cewa, "Tsoho nan ta tafi. Wa zai zage mu da yamma yanzu?"

Ran sadakar uku iyayen yaron da ke neman 'yata suka zo gaisuwa, har da buhun shinkafa. Bayan sun tafi, ina tsugune ina wanke-wanke, na ji Gwaggo na gaya wa matan garinmu cewa mai cewa a'a dai ya tafi, bayan arba'in sai a sa rana.

Ga yadda maganar take. Uku na haifa, ɗaya ta rage mini, 'yar fari. Biyun ciwon sikila ya ɗauke su, wanda manya ke kira amosanin jini. Yarinyar da saurayinta sun yi gwajin jini, aka ce irin namu ne ni da ubanta, wato kowannensu lafiyarsa lau amma yana ɗauke da irin ciwon a ɓoye. Baba ne ya tsaya ya ce ba za a yi auren ba. Maigidana mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa. Ni kuwa, ita 'yar farina ce, a al'adarmu ko sunanta ba na faɗa, balle in zaunar da ita maganar aure. In ina son ta yi wani abu, bango nake gaya wa ta ji. Kakanta ne bakina, ga shi an rufe bakin da ƙasa.

Da girmana na koyi riƙe biro, a ajin mata na yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ina so ne wani ya san abin da tsohon nan yake yi da ƙwayoyin lidonsa, kafin a taru a kan cewa rikicin tsufa ne.

Baba ya dawo wurinmu da zama bayan rasuwar matarsa, lokacin hannunsa ya fara rawa, ba ya iya hawa rufi. Ya tarar da ɗana namiji, mai bin 'yar farin, yana ɗan shekara biyar ko shida, idanu ɗorawa-ɗorawa, ba ya iya bin yara ƙwallo. In ya taka ruwan sama sai mun kwana asibiti. Baba ya dube shi kwana biyu, ya tafi wurin masu katako a bakin titi ya samo guntun falanki, ya zana gidaje huɗu da fenti, ya rufa masa gilashi. Ya sayo ƙwaya biyu, 'yan ƙananan nan masu fuska shida da ɗigo-ɗigo, waɗanda yara ke kira dayis, ɗaya fara ɗaya ja. Ya ce da yaron, "Abokina, tunda ƙafa ta ƙi, bari mu yi tseren a zaune."

Bai taɓa barin yaron ya ci shi don tausayi ba. Da farko abin ya ba ni haushi, in ji yaro na kuka an cinye masa 'ya'ya, tsoho na dariya yana tafi. Wata rana da ya ga alamar na ɓata rai, sai ya ɗaga kai ya gaya wa rufin kwano, don ba ya yi mini magana kai tsaye, cewa mara lafiya ya ƙoshi da tausayi, ranar da ya ci wasa a bar shi ya san shi ne ya ci. Ranar ta zo kuwa. Yaron ya bi ɗakunan gidan nan kaf yana shela, har da ɗakin mai gadi.

A lido ba a fito da ɗa daga gida sai an sami shida. Don haka kowa da dabararsa. Wani ya hura wa ƙwayoyin iska, wani ya yi ta kaɗa gwangwani har hannu ya gaji yana kiran siki, siki, wato shida. Maƙwabciyata kuwa, da ta fara zama da su in ta dawo daga kasuwa, cewa take shida ta daɗe ba ta zo ba, yanzu dole ta zo. Wannan maganar ce ke jawo mata zagi kullum. Baba zai ce mata ƙwaya ba ta san jiya ba, ko ɗazu ma ba ta sani ba. Fuska shida gare ta, mai ɗigo shida guda ɗaya ce a cikinsu, ko kwana aka yi ana kaɗawa haka take. Ita kuma ta ce masa oga lisafi, ai ko ƙwaya tana jin kunya. Ya ce da tana jin kunya da ba ta faɗa hannun mai sayar da ruɓaɓɓiyar doya ba. Haka suke har a kira magariba.

Wata rana yaron ya tambaye shi me ya sa shida da shida ba sa zuwa tare sai an daɗe. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon gwangwanin ƙusoshinsa, ya jera su a tabarma, layi shida, kowane layi ƙusa shida. Ya ce layin shi ne abin da farar ƙwaya ta nuna, wurin ƙusa a cikin layin kuma abin da jar ta nuna. Duk yadda ƙwaya biyu za su faɗi, yana nan cikin ƙusa talatin da shidan nan, babu ƙari. Ya nuna masa ta can kusurwa, ya ce ga shida da shida, ita kaɗai ce tak. Sai ya tambaye shi hanya nawa ce za a sami shida ko da a ƙwaya ɗaya, a fito da ɗa. Yaron ya ce sha biyu, shida na fara shida na ja. Baba ya ce to tsince su. Ya kwashe layin ƙarshe, ya bi sauran layukan yana ɗauke ta bakin kowanne, ya ƙirga, sha ɗaya. Ya sake ƙirgawa. Ya ɗaga tabarma yana neman ta sha biyun, ya ce kakansa ne ya ɓoye a riga. Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna masa cewa ta kusurwar ce ya ƙirga sau biyu.

"Sha ɗaya cikin talatin da shida," in ji shi. "Rashin zuwanta ya fi zuwanta yawa. To kukan me kake yi in ba ta zo ba?"

Ina bayan labule ina tsintar shinkafa na ji wannan duka. Na san lissafin ƙusoshin nan tun ban san harafi ko ɗaya ba.

Ya taɓa sassaƙa ƙwaya da hannunsa, da itacen maɗaci, lokacin da jar ta ɓace na 'yan kwanaki. Ta yi kyau, sai dai tana yawan ba shi shida. Ya yi kwana biyu yana jefa ta shi kaɗai a bakin ƙofa, yana ware ƙusa duk sanda shida ta fito. Da ya tabbata gefe ɗaya ya fi nauyi, sai ya miƙo mini ita ta hannun yaron, ya ce a sa a murhu. Yaron ya ce ai ita ce mai sa'a. Ya ce ƙwayar da ke son wani maƙaryaciya ce.

Maganar caca kuwa, ni ba malama ba ce, kuma na ji abin da wasu malamai ke faɗa game da wasan ƙwaya, ba na jayayya da su. Abin da na gani da idona shi ne ko tsinken ashana ba a taɓa sawa a allon nan ba. Ana fara kiran sallah yake kife gwangwani, ko da saura taku ɗaya ya ci.

Lokacin da aka fara gano ciwon yaron, wata nas ta gaya mana cewa masu irin jininmu, ɗaya cikin huɗu ne yake zuwa da ciwon. Maigidana ya dawo gida da fara'a. Ya ce ai shi ke nan, ɗayan ya riga ya fito, ga 'yar fari lafiyarta lau, saura biyu masu lafiya suna hanya. Ni ma haka na ɗauka. Na sake haihuwa, mace. Ba ta kai yaye ba hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura. Ba ta daɗe ba ta koma.

Gwaggo ta zo gaisuwa ta kwana biyu. A tsakar gida, ina ji daga ɗaki, ta ce asibiti sun ce ɗaya cikin huɗu, ga shi an sami biyu cikin uku, to ƙarin daga ina ya fito in ba daga cikin matar ba? Ta ce a danginsu ba a san wannan ciwo ba. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na riga na yarda da maganarta tun kafin ta faɗa, don na daɗe ina gaya wa kaina haka.

Baba ya aiki yaron ya ɗauko gwangwanin ƙusa. Ya jera su kamar kullum, ya sa Gwaggo ta matso. Ya ce farar ƙwaya ƙanenta ne, jar matarsa. Ɗaya, biyu, uku jini mai lafiya ne, huɗu, biyar, shida jinin ciwo, don kowannensu rabi da rabi yake ɗauke da shi. Ciwo ba ya kama yaro sai ƙwayoyin biyu duka sun faɗi a manya. Ya sa yatsa ya ware ƙusoshin kusurwa, layi uku, kowanne ƙusa uku, tara ke nan. Ya kasa sauran tara-tara, suka tashi kashi uku. Ya ce ga ɗaya cikin huɗun da nas ta faɗa, ba ta yi ƙarya ba. Sai ya miƙa mata gwangwani ya ce ta kaɗa. Ta ce ita ba ta taɓa kayan nan. Ya kaɗa da kansa, ya yi ta kaɗawa. Wani lokaci a daɗe manya biyu ba su haɗu ba, wani lokaci su haɗu sau biyu a jere. Ya ce kowace haihuwa sabuwar kaɗawa ce, ciki bai san abin da na baya ya haifa ba.

Daga nan ya rufe jar ƙwayar da tafin hannunsa, ya bar farar a fili.

"Ɗaya ba ta yin ciwo ita kaɗai. In jinin jaririyar nan ake nufi, to rabinsa namu ne. Ƙanenki daga wurina ya samo, ko daga wurin uwarku. Ke ma ki je a gwada ki."

Gwaggo ta miƙe. Ta ce yanzu 'ya'yan mutane ya mayar lido, ina tawakkali, ina ƙaddara? Ya ce shi ƙofofin gida kawai ya ƙirga, ta wadda baƙo zai shigo Allah kaɗai ya sani. Washegari ta hau motar Zariya ba ta yi masa sallama ba, kuma ta daɗe ba ta sake tako Masaka ba. Ya san zai rasa ziyarar 'yarsa a kan suruka, ya faɗa duk da haka. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, don babu hanyar da zan bi in yi. Ranar dai na sa masa man shanu a tuwo fiye da kullum, ya cinye tas.

In ciwon yaron ya tashi hannunsa ba ya iya riƙe gwangwani. Sai Baba ya ajiye allon a kan dokin ƙofata, shi a waje, yaron a kwance a ciki, ya ce da iska ko akwai mai kaɗa wa abokinsa. Sai in miƙa hannu ta ƙasan labule in kaɗa, yaron ya faɗi ɗan da za a matsar. Kore ne gidansa a allon.

Yaron ya kai wajen shekara goma sha ɗaya. Ba zan rubuta wannan ba.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi shiru irin wanda ban san akwai shi ba. Maigidana yana fita kafin gari ya waye don ya riski motar kifi, ba ya dawowa sai bayan isha. Yarinyar tana makaranta. Masaka cike take da mutane, amma kowa da inda ya fito da inda yake sauri, babu wanda ya san uwarka balle ya zauna da kai. Nakan gama aiki da hantsi in zauna ina kallon bango. Baba ma yana ɗakinsa, ina jin tarinsa. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa da makokinsa, al'ada ta hana mu zauna mu yi shi tare.

Wata la'asar na ji an ajiye abu a dokin ƙofa. Na ji gyaran murya.

"Kore ba shi da mai shi. Ko akwai mai taimako?"

Na daɗe ban motsa ba, shi ma bai tashi ba. Daga baya na miƙa hannu.

Shekaru muka yi haka. Ban taɓa zama a gabansa ba, bai taɓa ɗaga labulen ba. Hannuna ya sani, har yakan gaya wa rufin kwano cewa wani ya ƙone da mai yau, a nemi man kaɗanya. Ni ma bai taɓa bari na ci don tausayi ba. In maƙwabciyata ta zo sai ta zauna waje kusa da shi su yi ta faɗansu, ni ina dariya a ciki ba mai gani. In ba ta zo ba, sai ƙarar ƙwaya a gwangwani kawai, da shi yana faɗin abin da ya fito don in ji.

'Yata kuwa tun tana ƙarama shi ne abokin wasanta. Yana ce mata uwargida, tana ce masa angon da ba haƙori. Duk abin da ba za ta iya gaya mini ba shi take gaya wa, shi kuma ya san yadda zai sa in ji. Ta gama karatu, ta sami aiki a wani shagon magani a cikin gari. A can yaron ya gan ta. Yaro ne mai hankali, malamin makaranta, in ya zo har ƙasa yake durƙusawa. Baba ya so shi ƙwarai, yana ce masa ɓarawon mata, yana sa shi zama su buga lido. Baban ne kuma ya ce kafin a yi nisa a je a yi gwaji.

Ranar da sakamako ya fito ta same shi a ƙofar ɗakinsa. Ba ta yi kuka ba da farko. Ta ce ta san lissafin, ai a wurinsa ta koya, kuma a shagon magani take aiki. Yanzu akwai magunguna, ba kamar da ba.

"Tsoho, uku cikin huɗu fa lafiya ne. A lido in aka ba ka haka ai ba ka tsayawa tunani, kaɗawa kake."

"A lido, uwargida, in aka cinye mini ɗa gida yake komawa, in sake fito da shi."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake ce masa ango ba. Gaisuwa kawai, ina kwana Kaka, ina wuni Kaka, a durƙushe kamar baƙuwa. Ya fi son ta zage shi. Yakan tsokane ta in za ta fita aiki, ta ce masa to, ta wuce. Gwaggo kuma ta bugo waya da tata dabarar, ta ce tunda ɗaya cikin huɗu ne, su haifi uku su tsaya mana, ai an huta. Baba ya miƙa wa maigidana wayar.

A watannin nan ne, muna tsakiyar wasa, ya riƙe gwangwani bai kaɗa ba. Ya yi magana, kuma wannan karon ba da rufin kwano yake ba.

"'Yar nan, ni da mahaifinki muka haɗa ku muna murna. Lokacin ba wanda ya san a gwada. Yanzu an sani. Ko uwargida za ta ƙi ni har in mutu, ba zan sa hannu sau biyu ba."

Haka kuwa aka yi. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da safen da jikin ya yi tsanani ta riga ta fita aiki. Ya tambaya ina uwargida, aka buga mata, ta kamo hanya, cunkoso ya riƙe ta. Ta iso ana yi masa wanka.

Bayan baƙi sun watse na zuba ido ko maigidana zai ce wani abu. Ya ce shi dai abin da yarinya take so, kada a ce ya hana ta kamar yadda kakanta ya yi, ga shi sun rabu ba daɗi. Gwaggo tana bugowa tana tambayar me za a saya. Iyayen yaron suka aiko a ba su rana. Na duba gabas da yamma, babu wanda zan gaya wa ya gaya mata.

Wata Lahadi da hantsi tana bakin famfo tana wanki. Na tsaya a bayanta, na kira sunanta. Ban taɓa jin sa a bakina ba, ya fito kamar na wani. Ta waiga tana duba ƙofar gida ta ga wa ya shigo. Da ta gane ni ce, sai ta saki rigar cikin bokiti.

Na ce ta zo ta zauna. Na ce kakanta ya ƙirga mata, ni ba ƙirga na zo yi ba, ta fi ni sani. Ni a cikin ɗaya cikin huɗun nan na zauna, har sau biyu, kuma ita ba ta gani ba, don duk sanda ciwon ƙanenta ya tashi ɗakin maƙwabciya nake tura ta. Na gaya mata abin da na ce ba zan rubuta ba. Yadda yake roƙona in cire masa ƙafar in ajiye har ta huce. Yadda nake dafa ruwa in gasa masa jiki yana cizon zanina. Bencin asibiti, da neman jini, da yadda ya daina kuka daga baya don ya ga kukan na sa ni kuka. Na gaya mata ta ƙanwarta, wadda ba ta iya magana ba balle ta faɗi inda ke mata ciwo. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na ce saurayinta ba shi da laifi, ita ma ba ta da shi, kuma ba zan hana ta ba, don ba ni da ƙarfin kakanta. In ta yi auren zan yi mata gara, in ciwon ya zo zan dafa ruwan. Ina so ne kawai ta san abin da ke cikin ƙusa taran nan kafin ta ɗauki gwangwani.

Ta daɗe tana kallon kumfar da ke hannunta.

"Umma, da an gaya miki kafin aurenki, da kin fasa?"

Na san abin da take tambaya. Da na fasa, da babu ita.

Na ce, "Ni ba a gaya mini ba. Ke an gaya miki."

Ta koma ta ƙarasa wankinta. Kwanaki muna wuce juna a tsakar gida. Ana saura kaɗan arba'in ta haɗa kayan da yaron ya taɓa kawo mata a jaka ɗaya, ta ba ubanta ya mayar. Da bakinta ta gaya wa Gwaggo a waya. Na ji yaron ya zo har bakin titi ya tsaya, bai shigo ba.

Da wata ya ƙare ta ce hanya na wahalar da ita, za ta koma zama da wata abokiyar aikinta a cikin gari, ta riƙa zuwa lokaci-lokaci. Ta ce ba fushi take da ni ba, na kuma yarda. Na raka ta bakin titi, na riƙe mata jaka har mota ta cika. Ba ta waigo ba, ni ma ban so ta waigo ta ga fuskata ba.

Mai yiwuwa da an yi auren, duk masu lafiya za ta haifa. Baba da kansa zai fara faɗin haka, zai ce ƙusa ashirin da bakwai suna wancan gefen. Ba zan taɓa sani ba, ita ma haka, kuma da wannan za mu zauna. Na dawo gida na tarar la'asar ta yi, na yi sallah, na zauna a ɗaki har aka kira magariba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, kafinta, mai rawar hannu, mai faɗa da maƙwabta da yamma. Ka yafe masa abin da mutane suka gani da wanda ba su gani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da abokinsa a inda ƙafa ba ta ciwo. Ka sanyaya zuciyar yarinyar nan, ka ba ta wanda jininsa zai zauna da nata lafiya. Wanda ya karanta, ya taimaka da amin.